Saƙon Ɗanlami: Daga Jaipur Zuwa Gwallaga

Talata, Jaipur

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na rufe ƙofar ɗakinmu a Jaipur, garin da nake karatun haɗa magunguna a ƙasar Indiya. Shekara uku ke nan rabona da Bauchi. Abokin zamana Chinedu, wanda aka haifa a barikin sojoji na Shadawanka da ke Bauchi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, shi ya riƙe mini akwati zuwa tasha.

Banda akwatin akwai wani ƙaramin kwali da aka naɗe da salatif. Ɗanlami ne ya kawo shi daren jiya. Ɗan Inkil ne, wani ƙauye kusa da Bauchi, yana cewa shi ma ɗalibi ne, amma a cikinmu ba wanda ya taɓa ganinsa da littafi. Ya ce mahaifiyarsa Inna Talatu tana kwance ba lafiya, mayafi ne da dabino da madarar gwangwani biyu.

"Aminu, ka buɗe kwalin nan," in ji Chinedu muna jiran bas.

"Amana ce fa."

"Wace irin madara ce babu ita a kasuwar Wunti, sai an ɗauko daga Indiya?"

Bas ta tashi ƙarfe biyar daidai.

Hanyar Delhi

Kilomita kusan ɗari biyu da saba'in ne zuwa Delhi. Kwalin yana kan cinyata, maganar Chinedu tana ta yawo a kaina. Na girgiza shi kusa da kunne. Garin madara ba ya ƙara, wannan kuwa yana kacau-kacau a hankali.

Bakwai da rabi direba, wani dattijo mai jan rawani, ya tsaya a gidan abinci na bakin hanya. "Minti ashirin, ɗan Afirka, wanda ya makara ya biyo mu da ƙafa," ya ce da ni yana dariya. Na karɓi shayi mai citta da gurasarsu biyu, na ajiye su a kan tebur. Na ɗauki kwalin na shige banɗaki, na yanka salatif da makullin ɗaki.

Mayafi yana nan, kore mai kyau. Dabino yana nan, da wata wasiƙa. Gwangwanayen kuma an buɗe murfinsu an sake liƙewa da gam. Na ɓamɓare ɗaya. Madara a sama kamar kaurin yatsa, ƙarƙashinta ƙwayoyi ne tsibi guda a leda. Ko ba a rubuta suna ba na san su, tiramol ne mai ƙarfi, irin wanda in aka kama mutum da shi a filin jirgi sai dai iyayensa su ji labari.

Na tuna Baba a shagonsa na ɗinki a unguwarmu Gwallaga, da gonar da ya sayar na zo nan. Na juye gwangwanayen biyu a masai, na kora ruwa har sau huɗu, na cusa su can ƙasan kwandon shara. Na wanke hannu da sabulu kamar zan saɓule fata. Direba yana ta danna oda lokacin da na fito.

Delhi

Mun shiga Delhi sha ɗaya saura. Na kama ɗaki na wuni ɗaya kusa da filin jirgi, ɗan ƙuƙut, fanka tana kuka. Na fita na sayo wa Mama turare da zanen gado, na ci shinkafa da miyar wake, na dawo. Sau uku Ɗanlami ya kira.

"Ɗan'uwa, kaya suna lafiya?"

"Saƙon Inna yana hannuna."

"Kada ka buɗe fa, kada iska ta ɓata madarar. Ƙanena zai tare ka a Kano ya karɓa."

Jiya bai ambaci wani ƙane ba. Na kashe wayar. Na zazzage akwatina kaf a kan gado, na duba kowane aljihu da cikin takalma, don na tuna ya ɗan zauna kusa da shi lokacin da na fita alwala. Ban sami komai ba, amma sai da na sake dubawa.

Laraba, Addis Ababa da Kano

Jirgi ya tashi cikin dare, gari ya waye mana a Addis Ababa. Awa uku muka jira. Wata mata mai jaka huɗu ta roƙe ni in riƙe mata ɗaya har mu shiga jirgi. Na ce ta yi haƙuri. Ta harare ni, wataƙila kuma baiwar Allah ce kawai da kaya suka yi wa yawa, amma ranar ko allura ba zan riƙe wa kowa ba.

Sha biyu da rabi muka sauka a Kano. Jami'an bincike suka ware mu mu biyar da muka fito daga Indiya. Wanda ya same ni ya buɗe akwati, ya matsa dabinon ɗaya bayan ɗaya, ya warware mayafin.

"Ɗalibi ne kai? Wani ya ba ka saƙo?"

"Wannan mayafin da dabinon, ranka ya daɗe. Na buɗe na duba da kaina."

Ya ɗago ya dube ni. "Ka kyauta wa kanka. Wuce."

A waje wani mutum mai baƙin tabarau ya kira sunana. Ya ce shi ne ƙanen Ɗanlami. A ido ya girmi Ɗanlami da shekara goma.

"Kawo kwalin, na hutar da kai."

"Inna aka ce in kai wa, hannu da hannu."

Ya kama hannun akwatina. Daidai nan Kawu Bala, ƙanen Mama, ya iso yana faɗin, "Lafiya, malam? Me ya haɗa ka da ɗana?" Mutumin ya saki, ya ce kuskure ne, ya shige cikin jama'a. A gidan Kawu na kwana, bayan tuwon shinkafa miyar taushe. Na ba shi labari tun daga farko, ya ce in cire layin wayar nan take. Na cire.

Alhamis, Kano zuwa Bauchi

Bakwai na safe motarmu ta bar tashar Unguwa Uku, mu shida. Muka bi ta Wudil da Birnin Kudu. Duk motar da ta daɗe a bayanmu sai na waiga, har direba ya ce, "Ɗan samari, ko ka mance wani abu a Kano ne?" An tsayar da mu a shinge uku, a na Ningi ne kaɗai aka buɗe but ɗin motar. Muka sayi tsire da ruwan leda a nan. Ƙarfe ɗaya saura muka shiga Bauchi, kusan kilomita ɗari uku ke nan.

Mai keke ya sauke ni a bakin layinmu. Mama ta rungume ni tana cewa na rame. Bayan azahar na zauna da Baba a shago na faɗa masa komai. Ya tsayar da keken ɗinkin.

"Tashi mu kai wa tsohuwar abin da yake nata," ya ce.

Inkil

Da la'asar muka hau babur ɗinsa. Mun yi tambaya sau biyu kafin aka nuna mana gidan. Inna Talatu tana tsakar gida tana sussukar dawa, taɓarya a hannunta, ƙarfinta ya fi nawa.

"Inna, ya jikin? An ce kina kwance."

"Ni? Rabona da asibiti tun haihuwar autata. Wa ya ce?"

Na dubi Baba, ya girgiza mini kai kaɗan. Na miƙa mata kayan. Ta ce Ɗanlami shi kaɗai ne ɗanta namiji, ba shi da ƙane, kuma shekara biyu ba ta ji muryarsa ba. Ta sa na karanta mata wasiƙar, layi huɗu ne na gaisuwa. Ta yafa mayafin a kan kayan aikinta, tana shafa shi.

"Ashe yana tuna ni. Yana karatun kuwa, ɗan nan?"

"Yana nan lafiya, Inna," na ce, don iyakar abin da zan iya faɗa ke nan ban yi ƙarya ba.

Ta cika mana leda da gyaɗa, ta raka mu har bakin hanya tana sa albarka. Muka hau babur, muka yi ta tafiya har muka hango fitilun Gwallaga. Sannan Baba ya ce gobe zai koma shi kaɗai ya nemi kawun Ɗanlami, don irin wannan magana ba a bari ta iske uwa daga bakin 'yan sanda.

Mun iso ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni ɗakin mahaifiyata da ƙafafuna. Na gode wa Kawu Bala, na kuma gode wa Chinedu, wanda na kira da wayar Mama tun kafin in cire takalmi.