Gammon Iya da Sifirin Motar Baba

A shekarun farin nan, lokacin da ko ɓera ya daina leƙa rumbunanmu, abu ɗaya ne bai yanke ba a gidanmu, shi ne tatsuniyar Iya. Iya kakata ce ta wajen uba. Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya cusa ƙafafunsa cikin riga. Ƙauyenmu yana tsakanin Makoɗa da Kunci, inda gona take manne da gona, amma a shekarun nan sai ka tsaya a bakin danga ka hango har ƙarshen gari babu koren abu. Na lura tun ina yarinya cewa ranar da tuwo ya yi kaɗan, ranar ce tatsuniya take yin tsawo.

Baba shi ne mai mota a ƙauyen, kuma ita kaɗai ce. Wata tsohuwar jif ce mai buɗaɗɗen baya, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta san yashi da burtali fiye da kwalta. Yara suka sa mata suna Gurguwa don ta ɗan karkata hagu, Baba kuwa in ya ji ka faɗa sai ya bi ka da tsumagiya. Da ita yake zuwa birni ya ɗauko buhunan hatsin da mutanen gari suka haɗu suka saya, ya bi ta cikin yashi da kwazazzabai ya kawo. In Gurguwa ta kwana a hanya, to gidaje da yawa sun kwana ba a ɗora tukunya ba.

Ciwon kansa kullum shi ne sifirin, wato falle-fallen ƙarfen nan da ake jerawa a kan juna a ƙarƙashin mota don su riƙe nauyi su shanye gargada. Na asalin motar masu laushi ne. Da an loda buhuna sai su miƙe sak, bayan motar ya zauna a kan taya, wata rana ma ɗaya ya karye masa a dajin Allah. Baba mutum ne da ba ya son abu ya ba shi kunya sau biyu. Ya je ya samo falle-fallen babbar mota, masu kauri, ya sa aka yanke aka jibga mata. Daga ranar Gurguwa ta ɗauki lodi ba ta ko nishi, shi kuma ya riƙa shafa gemu yana cewa ya yi maganinta.

Amma in babu kaya a bayanta, sai ka rantse aljanu ne suka hau ta. Kowane ɗan tudu sai ta yi tsalle. Lami mai tukwane ta taɓa roƙonsa ya kai mata kaya kasuwa, aka isa da tsingaro. Wani dattijo ya ciji harshensa har ya yi mako yana shan kunu kawai. Mu yara dariya muke yi. Iya ba ta yi dariya ba, domin Innarmu tana da tsohon ciki, kuma haihuwar da ta yi kafin wannan ta sha wuya ƙwarai, jaririn bai zo da rai ba. Ungozoma ta riga ta faɗa cewa wannan karon in naƙuda ta zo a kai ta asibiti. Mota ɗaya ce za ta kai ta, kuma ba za ta tafi da buhu ko ɗaya a baya ba.

Wani zai ce me ya hana Iya ta kira ɗanta ta gaya masa? To, Baba ɗan farinta ne. Tun da nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna ta yi doguwar magana da shi ba. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon gefe. In dole ta ambace shi sai ta ce “mai motar nan”. Balle a ce maganar cikin surukarta za ta yi masa, ai wannan ko a mafarki. Haka mutanenmu suke, kuma Iya ta riƙe kunyar nan da hannu biyu.

Wata rana Baba ya dawo da wuri, ya ajiye motar a bayan danga daidai ɗakin Iya, ya shiga ƙarƙashinta da fitila yana ɗaure wani abu. Muna jin ƙarar sifanar da yake ɗaure noti da ita. Iya ta gyara wuta, ta yi gyaran murya, kuma na lura ta ɗaga muryar fiye da yadda ta saba.

“Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?”

“Mu ne, Iya, ta iso!”

Ta ce a wani gari da ruwa ya ƙi sauka, an yi wata yarinya mai ƙarfin wuya, ita take yi wa mutane dako. Gammonta na tsumma ne, in ta ɗora dami sai ya baje, kanta ya yi ta ciwo. Sai ta yi fushi ta saƙa wani na kaba, ta ɗaure shi tamau har ya yi tauri kamar turmi. Da shi ta ɗauki dami, ta ɗauki dutsen niƙa, gari ya ɗauka da yabonta. Rannan ta je wata rijiya mai nisa ta tarar da wata tsohuwa. Tsohuwar ta miƙa mata ƙwarya da ƙwai guda ɗaya a ciki, ta ce ruwan damina ne a cikinsa, ta kai shi tsakiyar gonakin garinsu kafin ta fasa.

“Sai yarinya ta yi dariya,” in ji Iya, “ta ce ni da na ɗauki dutsen niƙa, ƙwai ne zai gagare ni? Ta ɗora a kan gammon nan nata mai tauri. Taku ɗaya, ƙwarya ta yi tsalle. Taku biyu, ta sake. Ba ta yi nisa ba ƙwai ya ce ƙwas! Ruwa ya kece a dajin da babu gonar kowa, ƙaya ta sha ta ƙoshi, mutanen gari suna hango hadari daga nesa.”

Wani yaro a cikinmu ya fashe da kuka, don a lokacin ba a wasa da maganar ruwa. Iya ta ce ya yi haƙuri, labari bai ƙare ba. Yarinyar ta koma wurin tsohuwa tana kuka, tsohuwa ta ce saura ƙwai ɗaya. Wannan karon ta zauna ta yi tunani. Ba ta jefar da gammon kaba ba, domin gobe ma akwai dami. Sai ta samo auduga da tsumma ta naɗe shi da kauri. In kaya marar nauyi ne, a kan laushin yake zama. In mai nauyi ne, ya danne laushin ya tarar da kaba tana jiransa. Da haka ta kai ƙwai gida, aka yi ruwa har kwaɗi suka hana mutane barci.

“Ai ba dami kaɗai ake ɗora wa kai ba,” in ji Iya, tana kallon wuta. “Ta ƙare, na ajiye ta a bakin murhu.”

Sai a lokacin na lura ƙarar sifana ta daɗe da tsayawa.

Washegari Baba ya tafi Makoɗa wurin wani bakanike abokinsa, ni kuma daga baya na ji yadda suka yi. Baba ya ce yana son sifirin da zai yi laushi in babu kaya, ya kuma riƙe in an loda. Bakaniken ya ce ai abin sananne ne a wurinsu, helfa suke ce masa. Aka cire falle-fallen babbar mota, aka mayar da masu laushi, sannan aka ɗaura wani gajere mai kauri wanda ba ya taɓa komai sai nauyi ya danno motar ƙasa. Bakaniken ya gaya wa Baba gaskiya cewa motar ba za ta ɗauki lodin da ta saba ba, sai ya rage 'yan buhuna ya ƙara sawu. A shekarar da kowane buhu rai ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce, amma Baba ya ce a ɗaura.

Da ya dawo ya kira ni zaure. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce, “Je ki ce wa Iya ta ara mini ƙwai ɗaya.”

Zabuwa ɗaya ta rage wa Iya a duniya. Na je na faɗa mata. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwai a cikin 'yar ƙwarya. Baba ya ajiye ƙwaryar a bayan mota, ya tokare ta da tsumma don kada ta zame, ya bi burtali har bakin kwazazzabo ya dawo. Ya miƙo mini ita, na kai wa Iya. Iya ta ɗaga ƙwan ta juya shi a rana, ba ko tsaga. Ta dafa shi ta ce in kai wa Inna.

Ba a daɗe ba naƙuda ta zo, da hantsi. Aka shimfiɗa katifa a bayan Gurguwa, ungozoma ta riƙe kan Inna, suka tafi. Iya ta zauna a ƙofar ɗaki da carbi, ko ruwa ba ta sha ba har la'asar, lokacin da wani mai keke ya shigo da albishir. An sami namiji, uwa da ɗa lafiya. Shi ne ƙanena Rabi'u, wanda Iya ta riƙa tsokana da Ɗan Ƙwai har ta koma ga Allah, shi kuwa bai san dalili ba sai da ya girma.

Yau Rabi'u ne yake tuƙi a kan hanyoyin nan, kuma na ji shi da kunnena yana tambayar wani da ya zo neman shawarar sifirin, me za ka ɗauka in ta cika, wa kuma za ka ɗauka in babu kaya? Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar na mota ne. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji yadda magana take tsaya wa uwa a maƙogwaro, sannan na gane cewa mu yaran nan da muka kewaye wuta ba mu aka yi wa tatsuniyar ba. Mun dai ci albarkacinta. Allah ya ji ƙan Iya, ya ji ƙan Baba da ya ajiye sifana ya saurara. Uwa da ɗa ba su taɓa yin maganar nan baki da baki ba har suka bar duniya, amma ga Rabi'u nan da 'ya'yansa biyar.