Ranar da Baffa Ya Auna Laftof a Sikelin Masara

Ko na manta da komai na samartakata, ranar da muka je Funtua sayen laftof ni da Baffana ba za ta fita raina ba. Shekara shida ke nan, amma har yau in na ji fankar kwamfuta ta tashi, fuskarsa nake gani.

Mahaifina ya rasu ya bar mini sa guda, fari tas, ɗaya daga cikin shanun huɗar gidanmu a Ƙarfi. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da mu da gonar. Lokacin ina shekara ta biyu a kwaleji, kuma Allah ya jarrabe ni da son gem, wato wasan kwamfuta. Duk hutu a wani shago a Malumfashi nake yini, ina danna kwamfutar mutane. A gida kuwa an san ni da karatu. Da sunan karatun nan na kuɓuce wa gona damina uku, na ce hannuna bai iya riƙe garma ba. Da sunansa kuma na ce wa Baffa makaranta ba za ta yiwu ba sai da laftof. Bayan an gama kaka ya ja farin san nan zuwa kasuwa, ya dawo da igiya kawai a hannu. Wallahi da na ga igiyar sai da jikina ya yi sanyi, amma sanyin bai kai in faɗi gaskiya ba.

Na ɗauka ni kaɗai zan tafi. Ina! Baffa ya ce abin da aka sayar da sa dominsa, sai ya gan shi da idonsa kafin a sallama. Kuma shi a wurinsa, kamar a kasuwar shanu, in an sallama an gama, ba mayarwa ba canji.

Mai shagon da muka shiga a Funtua wani natsattsen mutum ne mai gilashi. Ya fito mana da laftof biyu da ƙarfinmu ya kai, ya shimfiɗa su a tebur. Ya yi bayani cewa bambancinsu yana ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin a ciki. Ta farko tsohon zubi ce, ƙatuwa, mai kauri. Ta biyu sabon zubi, siririya. Ni dai tun daga gida na san sabuwar nake so, don ita ce za ta ja gem ɗin da nake hari ba gargada. Amma ta yaya zan faɗa? Mai rubuta aikin makaranta ko wacce aka ba shi ta ishe shi.

Kuskuren mai shagon ɗaya ne: ya so ya sauƙaƙa wa Baffa. Ya ce a ɗauka cikin tsohuwar akwai shanu takwas masu jan aiki, cikin sabuwar kuma shida ne, sai dai shidan sun fi zafin nama.

Baffa ya gyara zama. An shigo gonarsa.

“Takwas da shida, Malam, har da tambaya?”

Mai shago ya ce ai shidan ba su cin wuta sosai, ba su zafi, ba su ƙara. Baffa ya girgiza kai, ya ce shi shekara arba'in yana hulɗa da shanu, san da ba ya ci, ba ya gumi, ba ya huci, to ciwo ke cinsa a ɓoye. Ya ɗaga tsohuwar ya juya ta, ya leƙa ramukan gefe ɗaya bayan ɗaya yadda yake duba haƙoran sa. Ya sa a kunna ta. Fankarta ta ɗauki gurnani, iska mai zafi ta bugi hannunsa, sai ga Baffa yana murmushi. Aka kunna sabuwar, shiru. Ya kara kunnensa a jikinta ya daɗe, sannan ya ɗago ya tambayi mai shago ko ya tabbata tana da rai.

Ban gama jin kunyar wannan ba ya ce a ɗauko su. A jikin shagon akwai masu awon hatsi. Haka muka fito a jere, Baffa a gaba, mai shago na biye yana ta “a hankali, Alhaji”, aka sauke buhun masarar wani aka ɗora laftof a sikeli. Tsohuwar ta rinjayi sabuwar nesa ba kusa ba. Masu dako suka taru, kowa ya goyi bayan Baffa. Wani dattijo mai sayar da buhuna ya ce ko hatsi mai nauyi shi ke da auki. Ni kuwa ina tsaye ina kallon farin sana yana shirin zama murhu mai fanka.

Muka koma ciki, Baffa ya miƙa hannu za a sallama. Sai ya tsaya. Ya ce shi bai taɓa sayen san huɗa bai ga kunyar da ya ja ba, a ba su aiki mafi nauyi ya gani. Mai shago, bawan Allah, ya ce aikin da ya fi wahalar da furosesa ai gem ne. Ya duba ya duba, ya buɗe wani gem na noma a kan tsohuwar, ga tarakta ga fili shimfiɗe, ya nuna wa Baffa inda zai danna.

Mutumin da duk Ƙarfi ake misali da miƙewar kunyarsa, ya tuƙa tarakta ta bi ta kan shinge, ta zagaya bishiya sau biyu, ta faɗa rafi. Masu dakon da suka biyo mu suka ƙunshe dariya. Aka mayar da shi kan sabuwar, nan ma rafin ya nufa. Ya cire hula ya share gumi, ya ce tunda duka biyun rafi suke kai mutum, gara mai nauyin. Sannan ya waiwayo ya ce ko zan taɓa, ko da yake ya san ni ban san komai ba sai littafi.

A nan na tsaya tsakanin abu biyu. In na yi kamar ban iya ba, asirina ya rufu, in koma gida da tsohuwar har abada. In na zauna na yi yadda na iya, ƙaryar shekara uku ta ƙare a gaban masu dako. Na tuna igiyar nan. Na ja kujera.

Na fara da tsohuwar. Na fito da tarakta daga rafi da baya, na saita garma, na ja kunya uku. A ta huɗu kwamfutar ta ɗau zafi, hoton ya fara tsalle, taraktar ta riƙa tsayawa tana fizga, kunyar ta karkace. Na koma kan sabuwar. Kunya goma sha biyu na ja, miƙaƙƙu kamar an sa igiya, na juya a bakin gona ban taka ko ɗaya ba, ita kuwa ko tari ba ta yi ba.

Da na ɗago, ba allon Baffa yake kallo ba. Yatsuna yake kallo.

“Karatun ke nan?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Baffa, da karatun, amma wannan ya fi yawa.”

Ya mayar da hularsa kai. Na gama sallamawa cewa da ƙafa zan koma Ƙarfi, ba sa ba laftof. Can ya dubi mai shago ya ce a naɗe siririyar, shidan sun fi takwas ɗin, ya gani da idonsa kuma ba ya musu da aiki. Suka yi musabiha. Sai da muka shiga mota ya yi mini magana, a hankali, ba faɗa.

“Da ka gaya mini aikin da za ta yi, da ban tsaya ina auna ta a sikeli mutane na kallo ba. San ubanka ne, haƙƙinka ne. Amma hannun da ya ja kunyar nan ya iya garma. Damina na tafe.”

Ta kuwa zo. Baffa ya haɗa abokin farin san da wani ɗan bijimi sabon horo, ya damƙa mini garma. Wannan ba ta da madannin komawa baya. Kunyata ta farko sai da maƙwabta suka zo kallo, hannuna ya yi kanta, na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, musamman in na ga tsohon san yana waiwayen gefen da ɗan'uwansa yake tsayawa. Laftof kuwa ta yi mini karatun, ta yi gem ɗin. Duk Juma'a bayan an sauko Baffa kan aiko a kawo masa “taraktarsa”, kuma har ya bar duniya bai daina faɗawa rafin nan ba.

Yanzu ni ma kwamfuta nake gyarawa a Malumfashi, kuma kullum sai an tambaye ni tsohon zubi ko sabo. Ba na amsawa sai na ce a fara gaya mini aikin da za ta yi, na gaskiya. Abin da ranar ta koya mini ke nan: in ka ɓoye wa mai ƙaunarka aikin da kake nufi, da zuciya ɗaya zai zaɓa maka abin da ba shi ba, kuma kai ka jawo. Igiyar farin san tana nan rataye a shagona.