Ƙoƙon Barcin Ila

Shekarar da rana ta yi zazzaɓi a farkon damina, har kaji suka doshi akurki da tsakar rana, ita ce shekarar da ƙanena Ila ya bar barcin rana. Ni lokacin ban wuce shekara takwas ba, shi kuwa yana cikin ta huɗu. Gidanmu a Madarumfa yana bakin gari. In ka fita ƙofa ka ɗan gangara, sai tabki.

Kafin wannan shekara komi na gidan a miƙe yake. In hantsi ya ɗaga, Inna ta ɗauki fura ta kai wa Baba gona ta hanyar Safo, ni ina biye da gorar ruwa, ba mu dawowa sai la'asar. Ila ana barin shi wurin Kaka Dije, mahaifiyar Baba. Da rana ta take sai ya kife bisa tabarma ƙarƙashin rumfa, ita kuma ta jawo mazari ta yi ta kaɗi. In an ci tuwon magariba ta hura wuta tsakar gida, ta zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, mu kewaye ta, mu biyar har da ƴaƴan maƙwabta. Ila da yake ya ƙoshi da barci shi ke hawa cinyarta, ido tar, in ta tsallake wani wuri ya gyara mata. Maigidana take ce mishi.

To, sai ya daina. A shimfiɗa shi ya tashi, a yi mishi waƙa ya karɓe waƙar. Inna ta taɓa jikinshi, lafiya lau. Wata maƙwabciya ta ce rana ce ta tsorata shi, wata ta ce a nemo rubutu. Abin da ya ƙara ɗaure mana kai, a kwanakin nan ne Kaka, wadda ba a taɓa ganin ta runtsa da rana ba, ta fara gyangyaɗi da mazari a hannu.

Ran nan mun dawo daga gona muka tarar da wani masunci a zaure, Ila bisa kafaɗarshi, riga jiƙe har wuya. Ya ce a cikin ruwa ya tsamo shi, yana bin komar kamun kifi da ta kuɓuce daga bakin gaɓa. Inna ta zauna a ƙasa. Baba ya dubi mahaifiyarshi. Ɗa ba ya yi wa uwa faɗa, sai ya je ya yi ta yi wa jakinmu.

Da maraicen nan na ɗauka ba za a yi tatsuniya ba. Amma Kaka ta hura wutarta, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce ta zo ta zauna.

Ta ce Barci wata tsohuwa ce mai tallan fura, tana da ƙwarya babba da ƙoƙo ƙarami. Ta babbar kowa na sha da dare, har kura. Ƙaramin kuwa kowane gida guda ɗaya ta ajiye, na rana, na ɗan ƙaramin gidan ne. Wata rana wani yaro ya ture ƙoƙon, ya ce ya ƙoshi, ƙadangare yake son kallo. Tsohuwa ta ce furarta ba ta komawa gida. Ta duba tsakar gidan, ta ga wanda ya fi kowa furfura, ta miƙa mishi. Tun daga ranar, in yaro ya ture, tsoho ke sha.

Kafin ta kai nan Ila ya yi nisa a cinyarta, baki buɗe. Ta dube shi. "Kun gani? Maigidana ya sake ni da rana, da dare kuma ya bar ni da zance."

Na ce, "Kaka, to ki maida mishi ƙoƙonshi mana."

"Kai, ji wanga! Ni na ɗauka? Miƙo mini aka yi."

"To yaushe za a karɓa?"

"In an yi wani ƙaramin."

Ban gane ba. Washegari na ɗauko ƙaramin ƙoƙon da take shan fura da shi, na tura ƙarƙashin tabarmar Ila. Ya zauna bisa, ya fasa shi, bai kuwa yi barci ba.

Kowa ya san ba a tatsuniya da rana. Wanda ya saurara, ɓata zai yi, ko a daji ko a kasuwa. Shi ya sa ranar da ciwon ƙafa ya hana ni zuwa gona, na ji Kaka da azahar tana cewa "Ga ta nan tahe," sai na zabura.

"Kaka! Rana ce fa! Ila zai ɓata!"

"Yi mini shiru, na ɗaure Gizo."

Ta nuna mini ƙulli a bakin zanenta. Na san in an ɗaure Gizo ana iya yi. Amma da na duba da kyau, cikin ƙullin har da gefen rigar Ila. Tana ba da labari yana zaune, in ta fara lumshe ido ya ja zanen: "Kaka, sai me?" Ta farka ta ci gaba. Haka suka yi ta riƙon juna har aka dawo daga gona.

Da magariba muka kewaye wuta, ta ce bakinta ya gaji. Gobe ma haka. Muka roƙa, ta ce wanda aka ɗaure tun azahar ba ya iya yawon dare. Ƴaƴan maƙwabta suka daina zuwa. Wutar ta koma ta sauro kawai. Ba a sake haihuwa a gidan ba kafin Allah ya karɓi Kaka bayan damina biyu, ƙoƙon bai bar hannunta ba.

Har yau ina juya abin. Ta yi abin da aka ce yana ɓatar da yaro don kada yaro ya ɓata, kuma bai ɓata ba. Ban san wa ta ɗaure a ƙullin nan ba, Gizo, ko Ila, ko kanta. Yanzu da nake zuwa karatun manya bayan azahar, wani lokaci sai in ji alli ya faɗo daga hannuna, malami yana dariya. A gidana autata ta fara ture tabarma.

Da na fara iya haɗa baƙaƙe na je wurin Ila, na ce ya faɗa mini tatsuniyoyin rana in rubuta. Ya sosa gemu. Ya ce ya tuna warin zanenta, hayaƙi da man gyaɗa. Labari kuwa ko ɗaya.

Ila na nan da ranshi da ƴaƴanshi. Abin da ya tafi: ƙoƙo ɗaya, hirar wuta ta yara biyar, da tatsuniyoyin damina biyu da mutum ɗaya ya ji.