Manajan Gidan Sori

Kawuna Na'Allah mai gyaran rediyo ne a kasuwar Gidan Sori. Rumfarsa tana jikin ta Jaye mai sayar da igiya, kuma tun da salula ta shigo ƙauye ya haɗa da cajin waya da batirin mota. Siriri ne, ba shi da yawan magana, yana karkatar da kai gefe guda idan yana saurare. Kana cikin yi masa bayanin abin da ya sami rediyonka sai ka ga ya ɗaga maka hannu, ya fita daga inuwa, ya tsaya a rana yana duban sama. Jirgi ya ji. Zai bi farin zaren da jirgin ya bari har ya narke, sannan ya dawo ya tambaye ka inda kuka tsaya. Mutanen gari suna ce masa Direban Sama. Da tsokana aka fara, amma yanzu har yara ba su san yana da wani suna ba.

Abin ya samo asali tun shekarar da fari suka cika gonaki, yana saurayi. An kawo wani ƙaramin jirgin feshi, aka share masa fako a bayan gari, aka ɗebi samari suna mirgino gangunan magani. Matuƙin ya lura da yadda Kawu yake tsayawa nesa yana kallo kamar mai kunyar suruki, sai ya yafito shi ya zaunar da shi a kujera. Jirgin yana ƙasa, injin a kashe. Iyakar shigarsa jirgi ke nan har yau.

Yakan je Maraɗi a moto, wato babur, sayen kayan gyara. A can wani Mudi, mai sibar, wato shagon intanet, kusa da tasha, ya nuna masa wani zaure na intanet mai suna Masu Kallon Sama, inda Hausawa masu son jiragen sama suke hira. Akwai tsofaffin ma'aikatan filin jirgi a ciki, da ɗalibai, da wasu irinsa da ba su taɓa barin ƙasa ba. Yawancinsu a Najeriya suke. Kawu ya yi karatun manya, saboda haka yana rubutu da kansa, da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar wake. Zai rubuta cewa ranar kasuwa da hantsi wani babban jirgi ya wuce daga kudu zuwa arewa, ya bar zare huɗu. Sai wani daga Kano ya amsa masa cewa wannan daga Legas ya tashi, Turai za shi. Kawu ya ɗauko labarin ya kawo gida ya ba mahaifiyarsa, Kaka Zainaba.

Kaka ta daɗe da rasa idonta. Tun daga lokacin ba ta karɓar magani daga hannun kowa sai nasa, ba ta kwanciya sai ta ji muryarsa a tsakar gida. Don haka Kawu ba ya kwana wani gari. Kowace shekara ƴan zauren sukan haɗu, wani lokaci a Kano, wani lokaci a Kaduna, shi kuwa sai dai Mudi ya buɗe masa hotuna ya yi ta tambayar wane ne wannan mai jar hula, wane ne wancan mai tabarau. Ya san rubutun kowa, bai san tafin hannun ko ɗaya ba.

A shekarar 2010, lokacin da sojoji suke riƙe da mulkin ƙasarmu suna shirin mayar da shi ga farar hula, kowa yana son rediyonsa ta yi magana. Rumfar Kawu ba ta rabuwa da mutane, ana gardamar sabon kundin tsarin mulki da yadda za a jefa ƙuri'a. Iskar ta kai har zauren nasu. Shugabansu, Injiniya Ado, tsohon makanikin jirgi da ya yi ritaya a Kaduna, ya ce bana ba wanda zai yanke wa kowa wurin taro. Duk mai so ya kawo gari da masauki, a jefa ƙuri'a.

Kawu ya daɗe a gaban na'urar, sannan ya rubuta: Maraɗi. Masauki, Gidan Sori.

Bai yi da wata dabara ba. A wurinsa masauki shi ne inda mutum ya karɓe ka, ya ba ka ruwa, ya nuna maka shimfiɗa. An ce a kawo masauki, ya kawo nasa. Bai ma sa rai ba. Amma da aka ƙidaya, Maraɗi ta kayar da Kano da Abuja, domin da yawa suna son su ƙetara iyaka su ga wani wuri dabam.

Ban taɓa ganinsa kamar yadda ya koma a wannan kaka ba. Ana gama ɗaure damman gero ya shiga yaɓe. Ya sake zanar shingen gida, ya roƙi ƙanensa Ɗanbaba zaurensa da ɗakin samarinsa, ya bi gida gida yana aron tabarmi da butoci. Matarsa Basira ta tanadi daddawa da kuka da barkono kamar mai shirin suna. Gari duk ya ji Na'Allah zai yi baƙi daga Najeriya. Jaye yakan leƙo daga rumfarsa ya tambaya ko a sake share fakon baya, kada su zo su rasa inda za su ajiye jirginsu.

Ina hutu daga jami'a a lokacin, ina Maraɗi gidan gwaggona, kuma nakan raka shi sibar don in karanta masa saƙonni masu tsawo. Ranar nan muka tarar da na Injiniya Ado. Bayan gaisuwa, yana neman a ba shi lambar manajan otal ɗin Gidan Sori. Yana so ya ji ko ɗakunan suna da na'urar sanyi, ko akwai janareto idan an ɗauke wuta, ko kuma akwai babban ɗaki da za a haska hotuna. Ya ƙara da cewa sunan wurin ya burge kowa, da ji tsohon gida ne mai mutunci.

Kawu ya ce in sake karantawa. Na sake. Mudi, da yake tsaye bayanmu, ya yi dariya har ya dafa bango, sannan da ya ga fuskar Kawu ya haɗiye sauran. Ya ba da shawarar a yi shiru kawai. Ya ce in sun riga sun shigo ƙasa, an ɗora su a mota an kai su, ba wanda zai juya, kuma in suka ci tuwon Basira za su manta da na'urar sanyi. In kuwa aka gaya musu yanzu, Kano za su koma, Kawu ya ci gaba da kallon hoto. Kawu ya miƙe. Ya fita ƙofar sibar ya tsaya yana duban sama, alhali ba abin da ke wucewa.

Na bi shi gida a ranar. Bayan la'asar ya zauna bakin tabarmar Kaka ya gaya mata duka, har da shawarar Mudi. Ta daɗe tana murza carbi.

"Mutumin da bai san inda za shi ba," in ji ta, "ba baƙonka ba ne, ɓatacce ne. Ni ba ni tarbar ɓatacce in ce na yi baƙo."

Washegari ya hau tudun da ke bayan makabarta, inda salula take samun layi, ya kira lambar Ado. Wannan ne karo na farko da suka ji muryar juna.

"Alhaji, Na'Allah ne, na Maraɗi."

"Malam Na'Allah, yau ga murya. Ka samo mini manajan?"

"Ni ne manajan, Alhaji. Gidan Sori gari ne, ba otal ba. Ba mu da kuran, wutar lantarki ke nan, ruwa sai na rijiya. Ɗakunan kuwa, nawa ne da na ƙanena."

Daga inda nake tsaye ina jin dariyar Ado tana fitowa daga wayar, har ta koma tari. Da ya natsu ya tambayi abin da ya hana Kawu faɗa tun farko.

"Masauki kunka ce," in ji Kawu. "Ba ku ce otal ba."

Ado ya ce zai kai maganar zaure.

An yi ta kai da kawo. Wasu suka ce a soke zaɓen, tunda ba a san abin da aka zaɓa ba. Wani ɗalibi ya ce a shekara irin wannan bai kamata a ji kalmar soke zaɓe daga bakin kowa ba, ko da na wurin kwana ne. Akwai dattawa masu ciwon suga da ba za su iya kwanan ƙasa ba, akwai na'urar haska hotuna da ba ta aiki sai da wuta. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Maraɗi tana nan, amma za a kwana a otal cikin birni, kuma Kawu ne zai zaɓa, tunda shi ne ɗan ƙasa.

Na raka shi zagayen. Bai taɓa shiga otal ba. A na farko ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, sai da mai gadi ya ce ya mayar. Bai duba gado ko famfo ba, ni ya bar wa wannan. Shi tambayarsa biyu ce a ko'ina, ina alƙibla, kuma ana iya hawa saman rufi? Ya zaɓi wani matsakaici a hanyar filin jirgi, don yana da matakala har sama, kuma daga can ba abin da ya tare gabas.

A Gidan Sori maganar ba ta yi daɗi ba. A wurinmu wanda ba shi da kowa ne yake kwana otal, ko wanda yake da abin ɓoyewa. Jaye, wannan karon ba da wasa ba, ya tambaye shi laifin da ya yi wa mutanen da za su zo har ƙasarsa su kwana hannun waɗanda ba su san sunansu ba. Masu tabarmi suka fara aiko yara su ji ko an gama da su. Kawu ya ce a ƙara masa haƙuri. Kowace safiya yana share ɗakunan, ya yayyafa ruwa, ya ja ƙofa.

An yi taron bayan Babbar Salla. Kawu yakan tafi da sassafe ya dawo kafin magariba saboda Kaka. Ya dawo da labarai da yawa: mai jar hular ashe gajere ne, mai tabarau kuwa in'ina gare shi duk da tsawon rubutunsa. Ya yi murna, ban musa ba. Amma idan ya shigo gida ba ya kallon ɓangaren ɗakunan da ya yaɓe.

A rana ta ƙarshe suka ɗauki motar haya suka zo gaida Kaka. Kawu ya fara kai su fakon da jirgin feshi ya taɓa sauka. Yanzu rabinsa gonar wake ce. Suka tsaya can suna duban sama, yaran gari sun kewaye su suna duban abin da suke duba. Ba jirgin da ya wuce. Suka yi dariya, suka dawo gida, Basira ta fito da fura.

Ado ya durƙusa gaban Kaka, gwiwarsa tana ƙara. Dattijo ne mai ƙiba da furfura. Ta laluba ta kama hannunsa, ta tambayi mutanen Kaduna da gajiyar hanya, ta ce ta san shi, shi ne wanda yake gaya wa ɗanta inda jiragen suke zuwa.

"To, ina kunka sauka?"

"A otal, Inna, can cikin Maraɗi. Malam Na'Allah ne ya zaɓa mana, wuri mai kyau."

"Wa ya tarbe ku?"

Ado ya duba abokansa. Ya ce wani yaro ne ya ba su makulli.

"Ashe ba ku sauka ba tukuna," in ji Kaka. "Na'Allah ya ce mini in jirgi ya iso gari bai samu wanda ya ce mishi bisimilla ba, sai shi yi ta kewaya bisa. Mi kuke ce ma abin nan?"

"Shawagi, Inna."

"To, shi kuke yi tun da kunka zo."

Aka yi dariya, amma Ado bai saki hannunta ba. Kawu yana tsaye jikin rumbu, ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. Rana ta yi ƙasa, direban motar ya fara danna oda a waje. Baƙin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna sallama, kowa da uzurinsa na gaskiya, wani magani, wani motar asuba. Ado ya raka su har ƙofa, ya yi magana da ɗalibin nan a hankali, ya ba shi makullin ɗakinsa ya ce a aiko masa da jakarsa da safe. Sannan ya dawo tsakar gida, ya tuɓe takalmansa, ya dubi Kawu.

"Manaja, wane ɗaki ne nawa?"

Kaka ce ta amsa daga tabarmarta, ta ce a ba shi na gabas, ya fi iska, kuma a kai masa buta tun kafin a kira salla.

Washegari aka mayar wa masu tabarmi kayansu, ban da guda ɗaya. Ado ya tafi da hantsi a bayan moton Ɗanbaba, jakarsa a cinya, da ƙullin daddawa da Basira ta tura masa. Da Kawu ya isa kasuwa ya buɗe rumfa, Jaye ya leƙo ya ce, Manaja, an tashi lafiya, ya baƙo? Kawu ya ce baƙo ya sauka lafiya, ya tashi lafiya, sannan ya jawo rediyon farko ya kwance bayanta.