Fim ɗin da Yaya ya fassara mana

Mahaifinmu yana fataucin atamfa tsakanin Bagudo da Benin. A wata tafiyarsa ya dawo da bidiyo da kaset guda ɗaya: labarin yara uku da karensu da suka ɓace a daji suna neman ubansu. Faransanci ake yi a ciki, kuma duk gidanmu babu mai ji sai Yaya, wanda ya yi shekara biyu a makarantar Faransanci wurin kawunmu a ƙetare, kafin Baba ya dawo da shi tsaron shago.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai a tada janareto, mu cika zaure. Yaya yakan tsaya gefen talabijin yana fassara. Yakan yi muryar ƙaramar yarinyar, ya yi ta mugun mafaraucin, har karen yakan faɗa mana abin da ke ransa. Mun kalli kaset ɗin har hotonsa ya koma ruwa-ruwa.

Bara na ji an sake yin fim ɗin, da Turanci. Na sa aka tura mini a waya, na zauna da 'ya'yana a Birnin Kebbi, inda nake koyarwa. Dajin ya yi kyau har ya wuce misali, karen kuma ka gan shi ka san na kwamfuta ne. Abin da ya fi damuna, labarin ba namu ba ne. A namu, mafaraucin ƙanen uban yaran ne da ya ci amanarsa. A wannan, baƙo ne kawai. Na yi ta faɗa cewa sun ɓata fim, har babbar 'yata ta nemo tsohon fim ɗin, mai rubutacciyar fassara a ƙasan hoto. Babu ƙanen uba a cikinsa. Rabin abin da na haddace, Yaya ne ya ƙirƙira.

Abin ya burge ni ƙwarai. Da hutu ya zo na hau mota zuwa Bagudo, na ɗauki ɗan acaba muka tsallaka iyaka, don Yaya ya koma can da zama tun rasuwar Baba. Na same shi da hantsi a rumfarsa yana auna shinkafa. Bayan gaisuwa na miƙa masa wayar ina dariya.

"Yaya, ashe duk ƙarya kaka shirga muna!"

Bai yi dariya ba. Ya kalli tsohon fim ɗin kamar minti biyu, ya miƙo mini.

"To mi zan ce maku? Kalma goma nika ji, sauran in cika."

Na ce ai nasa ya fi daɗi, da ya samu hanya da marubuci ne.

"Hanya?" Ya ajiye mudun. "Sau uku ina roƙon Baba shi maida ni makaranta. Yac ce shago na son mutum. Kai aka kai. Ni kullum na tsaya gaban talabijin ɗin nan, so nike in ji abin da suka cewa, ku kuna ta dariya."

Shekara talatin ina ba mutane labarin Juma'o'in nan a matsayin mafi daɗin ƙuruciyata, ban taɓa tambayar kaina yadda suke a wurinsa ba. Na fara cewa ai lokacin ni yaro ne, sai wata mata ta zo sayen shinkafa, ya juya gare ta yana ciniki da yaren Dendi. Bai sake komawa kan maganar ba.

Matarsa ta kawo tuwo muka ci. Da la'asar ya rako ni bakin hanya, ya ɗaura mini rabin buhun shinkafa a bayan babur, ya ce in gaida yara. Tun daga nan sai gaisuwar Sallah a waya, mu yi zancen ruwa da gona, mu kashe.