Tijjani, wanda ya ƙi kawo mini littafi gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina bakin gado ina jiran shayi ya huce, wayata ta yi ƙara. Haruna dillalin riɗi ne. Ya ce, "Ya Hajj, zauna tukuna." Na ce a zaune nake. Ya ce, "Tijjani ya rasu a garin Fau. Zazzaɓi ne."

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Tijjani mai gyaran keken ɗinki ne a kasuwar Gadarif, a layin teloli. Daga Madani yaƙi ya koro shi, shi da matarsa da 'ya'yansa mata da akwatin kayan aikinsa. Na isa in haife shi.

Lokacin da ya zo garin nan, ni na riga na rufe ƙofata. Matata Hajiya ta rasu, yarana suna Jidda, ƙafafuna sun yi nauyi. Sai in wuni ban ji muryar kowa ba, in ban da maƙwabciyata da ke miƙo mini abinci ta katanga. Na gaya wa kaina haka tsufa yake, mutum ya zauna ya jira.

Wata rana da hantsi aka buga ƙofa. Wani siririn mutum ne, yatsunsa duk baƙin mai.

Ya ce, "An ce mini kai ne Ustaz Bashir da ke karanta Hausa da boko."

Kun sani, masu jin Hausa a nan da yawa muke, amma da Larabci aka yi mana karatu. Ni na san haruffan boko ne tun makarantar da, zamanin da ake koya mana Turanci da bulala. Tijjani ya bi kasuwa yana tambaya, ya samu Haruna, wanda shi ma ya iya boko, Haruna ya nuna masa gidana.

Littafi ne ya kawo. Wani ɗan kasuwa ne ya taho masa da shi daga Kano tun yana Madani, kuma shi kaɗai ya fito da shi a cikin littattafansa. Bangon ya yage a hanya, sunan marubucin ma ya tafi da shi. Sai ya warware shi kashi huɗu, ya ɗinke kowane kashi a keke, ya yi masa bango da ƙyallen jallabiya, don mu riƙa karɓa-karɓa, ni da Haruna.

Labarin wani gari ne da inuwoyin mutane suka yi yaji. Sun ce sun gaji da jan ciki a ƙasa ana taka su, suka tattara suka koma bayan gari. Aka aiko wani tsohon aljani mai mantuwa ya yi sulhu, shi kuma kullum sai ya manta ɓangaren da ya aiko shi. Akwai wani wanzami da ke zuwa biko wajen inuwarsa da goro da turare, ita kuwa ta ce sai ya rage tumbi, don nauyinsa ya ishe ta.

Na ce masa, "Ni da shekaruna, wannan shirmen zan karanta?"

Ya ce, "Baba, karanta ka zage ni daga baya."

Na karanta. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Tun rasuwar Hajiya ba a ji wannan a gidan nan ba.

Na kira shi na ce ya kawo na biyu. Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Baba. Na farko na kawo maka don girmanka. Sauran ba sa zuwa gida. Sai ka zo shago, ka faɗi ra'ayinka a gaban jama'a, sannan a ba ka. Doka ce."

Na ce ƙafata. Ya ce akwai raksha, babur mai ƙafa uku. Na ce rana. Ya ce in fito da safe.

Na yi fushi sosai, na kashe wayar. Na ce yaron nan ba shi da ladabi. Amma wanzamin nan ya hana ni sakat. Ina alwala ina tunanin ko inuwar ta karɓi goron.

A ƙarshe na ɗauki sanda na fita.

Da na isa, na tarar ya ajiye mini kujera mai majingina, ya riga ya gaya wa matar da ke sayar da shayi ta rage mini sukari. Na zauna na ce, "Ra'ayina shi ne marubucin nan ba ya girmama tsofaffi. Ya mayar da dattijon aljani abin dariya."

Tijjani ya ce, "Ka yi dariyar ko ba ka yi ba?"

Na ce wannan ba ya cikin magana.

Haruna ya ce, "Ya Hajj, ai don ka ga kanka ne. Sau biyu ka tambaye ni sunana yau."

Teloli suka fashe da dariya, ni ma na yi. Waɗanda ba sa karanta boko suka ce sai an ba su labari, sai ga ni ina ba su, ina ƙara nawa a ciki. Tijjani na kwance keke yana gyara mini: "A'a, Baba, wannan ba ya cikin littafin, naka ne."

Haka muka ci gaba. Haruna yana dawo da nasa kashin da tabon man riɗi, ni ina riƙe nawa ya daɗe saboda ido. Da Tijjani ya lura, ya ba ni gilashin da yake duba bakin allura da shi. Hannun tabarona ma shi ya ɗaure da zare.

Sau ɗaya kawai na ga dariyarsa ta ɗauke. Mun zo wurin da wanzamin ya tsaya tsakiyar kasuwa babu komai a ƙasa kusa da ƙafarsa. Tijjani ya ce, "Haka na ji ranar da muka sauka a tasha a nan." Ya ci gaba da ɗaure noti.

Daga baya Haruna ya yi suɓutar baki, ya ce shi har gida ake kai masa nasa. Ashe dokar tawa ce ni kaɗai. Na dubi Tijjani, ya sunkuyar da kai cikin keke kamar bai ji ba. Washegari ma na je.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ne. Na mayar da kashi na uku, na ce inuwoyin sun fi mutanen gaskiya. Ya ce, "Tamam, yau ka yi magana." Ya ce zai je Fau gyaran wasu kekuna, in ya dawo zai ba ni na ƙarshe da hannunsa. Ya raka ni bakin titi, ya riƙe mini sanda har na hau raksha. Sai ya leƙo ya ce, "Baba, kada ka kuskura ka mutu ba ka ji ƙarshe ba. Wallahi sai na yi fushi da kai."

Ni aka yi wa wannan gargaɗin. Ni da ke ajiye da likkafanina a akwati.

Tun da Haruna ya kashe waya nake kallon ƙofar nan. Zuciyata na ce mini in rufe ta in koma yadda nake, tunda wanda nake fita dominsa ya tafi. Amma na san abin da zai ce.

Ya Allah, ka gafarta wa Tijjani. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Baƙo ya zo garin nan, bai huta da nasa ciwon ba ya nemo wani tsoho ya fito da shi cikin mutane. Ka saka masa da Aljannar Firdausi, ka zama gatan matarsa da 'ya'yansa.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba.

An ce za a kawo shi Gadarif, a yi masa sallah bayan la'asar. Ban saba roƙo ba, amma yau zan roƙa. Wanda ya san gidana, ya biyo ya ɗauke ni. Ba zan iya daɗewa a tsaye ba, sai an riƙe ni a sahu. Na riga na sa jallabiyata, ƙofar a buɗe take.