Ƙofar Badamasi Mai Birki

"Wallahi yau sai na buga ta." Muryar Zaituna ce, matar maƙwabcina, ta bangon da ya raba ɗakunanmu a unguwar Malaz ta Riyadh.

"Buga mana, uwar Hajar," in ji mijinta. "Bismillah."

Na kasa kunne. Ƙofar ta ja dogon numfashi, ta rufe a hankali kamar mai gudun tada jinjiri.

Mijin nata Badamasi kafinta ne, shekararsa goma sha ɗaya a Riyadh yana kafa ƙofofi a gine-ginen kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Yana ɗalibi a Zariya aka yi wasan kwaikwayon wani marubucin ƙasar Norway, inda mata ke barin mijinta a ƙarshe, ta buga ƙofa ta tafi. Badamasi bai fito fage ba. Shi aka ba aikin buga ƙofa a bayan labule, sati uku cur.

"Mutumin ya mutu kafin a haifi kakana," ya taɓa ce min, "amma duba finafinan Masar, duba na Turkiyya, duba namu na gida. Mace ba ta tafiya sai ƙofa ta yi ƙara. Shi ya koya musu."

Saboda haka ranar da takardun Zaituna suka fito, kafin ya je filin jirgi tarbarta, ya ɗaura wa ƙofarsa birki irin na ƙofofin asibiti, mai hana ƙofa buguwa, har biyu. Ya ce wai don kada sanyin ɗaki ya tsere.

Ita kuwa ba wani abu take nema ba illa ta riƙa zuwa unguwar Ulaisha koyon ɗinki wurin matar yayanta Sha'aban. Bai taɓa cewa a'a ba. Da ta ɗauko maganar, sai ya ɗauko mai ya nufi birki. Sau uku tana fita a fusace, ta finciko ƙofar, ta tsaya jiranta, har dariya ta kama ta, ta koma ciki.

Ranar Alhamis bayan la'asar na gamu da ita a matakala, akwati a hannu, Hajar a goye. Motar Sha'aban na jira a ƙasa. Ko taɓa ƙofar ba ta yi ba, ta bar ta ta rufe kanta.

Da aka kwana huɗu na ƙwanƙwasa masa. Ya buɗe riƙe da sukudireba.

"Malam Badamasi, ba za ka je Ulaisha biko ba?"

"Bikon wa?" Ya shafa ƙofar. "Kai da kake jin komai ta bango, ka ji ƙara? To, ba ta tafi ba."